Daren da Inna ta ce zuciyarta na tashi

Tun watan Fabrairu wannan maganar take cina, na sha ɗauko waya in fara rubutawa sai in ajiye, don gaskiya akwai inda laifin nawa ne kuma ba kowa ke son tona kansa ba. Amma jiya wani ɗan uwa da ke shirin kawo mahaifinsa nan Kanada ya kira ni yana tambayar kuɗin inshora da kuɗin jirgi, muka yi kusan awa muna lissafi, bayan mun kashe waya sai na tuna ban faɗa masa abin da ya fi muhimmanci ba. To bari in faɗa yanzu kowa ya ji.

Inna ta zo wurinmu bara cikin watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwa ke yin ja yana zuba. Maiɗakina ta kusa haihuwa ta uku kuma babu mai kama mana, shi ne muka nema mata bizar nan ta iyaye da kakanni da ake kira super visa. Wanda ya taɓa nema ya san zancen, dole sai ka saya wa tsohuwa inshorar lafiya ta kamfani wadda za ta iya ɗaukar aƙalla dala dubu 100, saboda katin lafiyar gwamnatin lardin Ontariyo, OHIP, na mazauna ne ba na baƙi ba. Na biya ina zufa cikin sanyi, na ce shikenan an gama da zancen lafiya. Ashe ban ma fara ba.

Inna haifaffiyar Damagaram ce, ba ta yi lakwal ba, karatun allo ta yi, Hausa take ji sai ɗan Barbarci da ta tsinta wurin kakarmu. Tana da ciwon sukari ya fi shekara goma. Maiɗakina ita ta yi lakwal har lise, Faransancinta ya fi nawa ma tsabta, amma Ingilishi sai ɗan na kanti da na gaisuwa. Ni ne mai Ingilishin gidan, shi ma na wurin aiki ne, na sito da ɗaga kwali. Garin da muke ƙaramin gari ne a kudancin Ontariyo, ba zan faɗi sunansa ba balle na asibitin, don ba su nake son kamawa ba.

Ranar da abin ya faru ina aikin dare, kuma a wurinmu waya a cikin akwatin ajiya ake barinta har sai an tashi hutu. Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta ce wa maiɗakina zuciyarta na tashi, jiri na ɗibarta, jikinta duk ya mutu. Kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki amma kullum aka tambaye ta sai ta ce da sauƙi. Maiɗakina ta kira ni ta kira ni ba a ɗauka, sai ta goya jaririya, ta kai manyan yaran biyu wurin tsohuwar da ke ƙasanmu, ta kira tasi suka tafi ɓangaren gaggawa, irjans kamar yadda muke cewa a gida.

Nas ɗin da ke tantance marasa lafiya a bakin ƙofa ta yi tambaya da Ingilishi, maiɗakina ta ce Faransanci take ji, sai nas ɗin ta yi murmushi ta ce ta ɗan yi Faransanci a makaranta. Allah ya sani da kyakkyawar niyya ta faɗa. Maiɗakina ta juya maganar Inna daidai yadda duk mai jin Faransanci zai juya ta, ta ce «elle a mal au cœur». Wanda ya yi lakwal ya san ma'anar wannan, tashin zuciya ne, amai ke taso wa mutum, babu ruwansa da ciwon zuciya. Abin mamaki Hausa da Faransanci sun haɗu a nan, dukkansu zuciya suke ɗora wa laifin abin da ciki ya yi. Amma kunnen da ya saba da Ingilishi kalma biyu kawai ya tsinta, ciwo da zuciya. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, mai ciwon sukari, tana zufa, an ce zuciya na mata ciwo, me kake jira? Nan da nan aka kwantar da ita, aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ce sai an jira wasu awanni an sake ɗiba don a ga ko akwai alamar ciwon zuciya. Ni ban ga laifinsu a wannan ba, da ciwon zuciyar ne da sun ceci rai. Sai dai duk daren an bi hanyar da ba ita ba ce, kuma ba wanda ya tambayi cikinta.

Na ga kiran da aka yi min wajen ƙarfe uku, na roƙi shugaban aiki na fito, na isa asibiti ana gab da asuba. Ina shiga likitan ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce madalla ga ɗanta ya zo, shi zai fassara. Ni ma har na ji wani ɗan girman kai, ga mai harshe uku ya iso.

Daga nan ne laifina ya fara.

Tambayar farko da ya yi ita ce wadda suke yi wa kowa a nan, daga ɗaya zuwa goma, ciwon ya kai nawa? Na juya wa Inna da Hausa, ta dube ni kamar na zare, ta ce ciwo ake ƙirgawa kamar kuɗin goro? Sai ta ce da sauƙi, Alhamdulillahi. Ku da kuka san tsofaffinmu kun san wannan da sauƙin, mutum na kan gargara ma in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi, ba rahoton lafiya ba ne, ladabi ne ga Ubangiji. Ni na sani sarai. Amma bakina ya riga hankalina, na ce wa likita ta ce ta ji sauƙi. Ya rubuta.

Sai ya shiga tambayoyin da suka sa na so ƙasa ta tsage in shige. Yaushe rabonta da bayan gida, yaya yake fita, akwai jini, fitsari fa yana mata zafi, tana ganin wani abu na fita ta gaba. Jama'a ni ɗan fari ne. Inna tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a waya sai dai ta ce a ba ta wannan yaron, ko gaisuwata a gaban mutane da ƙyar take amsawa. Yanzu ni ne zan tsaya a kanta in tambaye ta yadda bayan gidanta yake? Na sunkuyar da kai na dunƙule tambaya biyar ta koma ɗaya, na ce Inna wai cikinki lafiya? Ta juya fuska bango ta ce lafiya lau. Na ce wa likita babu matsala a nan. Ya tambayi magungunan da take sha, na ciro kwalbar da na karɓo mata a farmasi makonni biyu da suka wuce na nuna masa, ya duba ya gyaɗa kai. Gwajin zuciya ya fito lafiya, suka ce ƙila ɗan ƙwayar cutar ciki ce da ke yawo lokacin sanyi, ta sha ruwa da yawa, in abin ya ƙaru a dawo. Muka koma gida da hantsi, daga baya takardar kuɗi ta biyo mu wadda har yau muna ja-in-ja da kamfanin inshora a kanta.

Kwana huɗu Inna ba ta warke ba, sai ma rama take. Tsohuwar nan ta ƙasanmu da ta riƙe mana yara ita ce ta tare ni a matakala. Farar fata ce, ta haura shekara saba'in, asalinta daga arewacin Ontariyo can wajen Sudbury, kuma Faransanci ne harshen da ta sha a nono, shi ya sa ma suka shaƙu da maiɗakina tun da muka tare, kullum suna hira a bakin injin wanki. Na ba ta labari tun daga «mal au cœur», ban ƙarasa ba ta dafe kai ta ce wannan kalmar dai, wannan kalmar dai, ta ce tun tana yarinya ake wannan kuskuren da tsofaffinsu. Sai ta tambaye ni, kun nemi tafinta? Na ce ai ni ne tafintan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce kai ɗanta ne, ɗa ba ya zama tafinta.

Ranar ta zaunar da ni a kicin ɗinta ta ba ni labarin da na shekara shida a ƙasar nan ban sani ba. A Otawa akwai wani asibiti da ake kira Montfort, wasu mata masu hidimar coci ne suka tsaya aka buɗe shi a 1953, kuma shi ne asibitin da Faransanci ne harshen aikinsa, tun daga mai shara har likitan tiyata, a nan kuma ake horar da likitoci da Faransanci. A watan Fabrairun 1997, zamanin gwamnatin Mike Harris a Ontariyo, hukumar da aka kafa don sake fasalin asibitocin lardin ta ce a rufe shi, wai don a rage kashe kuɗi, ai akwai wasu asibitoci a garin da ke da masu jin harshe biyu. Mutane suka ce ba su yarda ba. Wata mata mai suna Gisèle Lalonde, wadda ta taɓa zama magajiyar garin Vanier, ita ta ja gaba, aka kafa ƙungiyar SOS Montfort, ranar 22 ga Maris 1997 mutum wajen dubu 10 suka cika wani babban zauren wasanni a Otawa suna ɗaga tutarsu mai kore da fari suna cewa «Montfort fermé, jamais», wato a rufe Montfort, har abada ba za a yi ba. Tsohuwar ta ce ita ma tana wurin, motar bas suka cika tun daga arewa, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kwantar da ita a asibitin ba, amma ta san in aka rufe shi an rufe musu baki ne gaba ɗaya. Aka tafi kotu, suka ci a 1999, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta sake ba su gaskiya a watan Disamban 2001, a farkon 2002 gwamnati ta haƙura. Asibitin na nan har yau, ya ma fi da girma. Ita Gisèle Lalonde ta rasu a 2022.

Ina zaune ina jin wannan labari kaina na juyawa, don ni Faransancin da na sani ba wannan ba ne. A Damagaram Faransanci harshen mai iko ne. Shi ne harshen da aka dake mu a kansa a lakwal in an kama ka kana Hausa a cikin aji, shi ne harshen komisariya da na takardar kotu, shi ne harshen da lokotoro ke juyawa ya yi da abokin aikinsa a kan gadon mara lafiya in ba ya son mai jinya ya gane abin da ake ciki. Na tuna ina yaro ina raka Inna gidan likita, a rubuto mata ordonans da Faransanci da rubutun da ko ɗan lakwal ba ya iya karantawa, mu tafi farmasi mai sayarwa ya ja layi biyu ko uku a jikin kwali da biro, layin nan shi ne duk bayanin da za ta samu. Sai ga shi na tsallako teku na tarar da harshen nan dai, shi ne a ƙasa, masu shi suna cika bas suna zuwa roƙon kar a rufe musu asibiti ɗaya tilo. Tsohuwar ta ce min a 1912 gwamnatin Ontariyo ta kafa wata doka mai lamba 17 da ta hana koyarwa da Faransanci bayan shekara biyun farko na firamare, sai 1927 aka daina aiki da ita, kuma sai 2016 gwamnatin lardin ta fito ta nemi gafara. Iyayenta sun taso cikin wannan. Wato abin da aka yi mana da harshensu, su ma an yi musu da na wasu. Ban san ko dariya zan yi ko tausayi ba, na dai sha shayina.

Daga baya na zauna na bi diddigin yadda dokar take, don in san inda muka tsaya. Kanada tana da harsunan hukuma biyu tun dokar 1969, amma wannan ta gwamnatin tarayya ce, asibiti kuwa a hannun larduna yake, kowane lardi da nasa tsarin. Babbar dokar lafiya ta ƙasa ta 1984 ta yi maganar cewa kowa ya samu kulawa ba tare da shinge ba, amma ba ta ambaci harshe ba. New Brunswick ne kaɗai lardin da harsunan biyu suke daidai a hukumance, har hukumomin asibitocinsu biyu ne, Vitalité da ke aiki da Faransanci da Horizon da ke aiki da Ingilishi, kuma kowacce dole ta karɓe ka da harshen da ka zaɓa. A Kebek abin ya juye, can masu Ingilishi ne tsiraru kuma su ke kuka, musamman tun dokar harshe ta 2022. Mu nan Ontariyo masu Faransanci sun haura dubu 600, akwai dokar hidima da Faransanci ta 1986, amma tana aiki ne a yankuna ashirin da wani abu da aka ware, kuma ko a cikin yankin ba kowane asibiti ta hau kansa ba sai wanda aka ayyana. Tun Afrilun 2023 aka ƙara cewa wuraren da dokar ta shafa su ne za su fara yi maka tayin Faransanci tun daga gaisuwa, ba sai ka roƙa ba, don sun gane mutumin da ke cikin ciwo ba ya da ƙarfin tsayawa neman haƙƙi, kuma da yawa suna jin tsoron in suka ce sai Faransanci za a bar su a layi. Garinmu ba ya cikin yankunan nan. Ko da yana ciki ma, maiɗakina dokar za ta taimaka, ita Inna fa?

Nan ne abin ya tsaya min a wuya. Masu Faransanci suna da doka, suna da tuta, suna da hukuncin kotu, duk da haka suna fama. Kurame su ma sun je har kotun ƙoli ta Kanada a 1997 ta ce dole asibiti ya samar musu da mai fassarar maganar hannu, don in babu shi ba a ba su kulawa daidai da kowa ba. Amma mai jin Hausa kaɗai, ko Somaliyanci, ko Tigrinya, ko Punjabi, shi yana hannun tsarin asibitin da ya faɗa ne da kuma halin wanda ya tarar a bakin aiki. Manyan asibitoci da yawa suna da layin tafinta na waya, kyauta ga mara lafiya, amma sai ma'aikaci ya ga dama ya ɗaga wayar, kuma in ya ga ɗan uwa a tsaye mai ɗan Ingilishi to ya huta, ya fi sauri. Mu ma kuma ba ma nema, wani don bai san akwai ba, wani don kar a ce bai iya Turanci ba, wani don kar baƙo ya ji sirrin gida. Ni na haɗa duka ukun.

Kuma wannan ba zancen jin daɗi ba ne kawai, wai a gaishe ka da harshenka ka ji sanyi. Akwai binciken da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a 2022, masu bincike a Otawa suka bi bayanan mutum kusan dubu 190, galibi tsofaffi masu rauni da ake kula da su a gida, waɗanda aka kwantar a asibitocin Ontariyo tsakanin 2010 da 2018. Masu Faransancin da likita mai jin Faransanci ya fi duba su, haɗarin su mutu a asibiti ya ragu da kashi 24 cikin ɗari in aka gwada da waɗanda ba su samu ba. Masu sauran harsuna kuwa, irin su Inna, raguwar ta kai kashi 54. Sai dai a cikin masu Faransancin ƙasa da rabi ne suka dace da irin wannan likitan, a cikin masu sauran harsuna ko biyu cikin ɗari ba su kai ba. Da wani magani ne aka gano yana rage mutuwa haka da tuni an sa shi a kowane ɗaki.

To mu koma kan Inna. Tsohuwar ƙasanmu ce ta kira wata cibiyar lafiya ta unguwa a babban garin da ke kusa da mu, inda suka saba da baƙi da 'yan gudun hijira, ta yi musu bayani, ta ce a tanadi tafinta mai Hausa kuma mace. Ni ban ma yi tunanin zancen mace ba. Suka ce Hausa ba kullum ake samu nan take ba, a ba su kwana biyu. Ranar muka je, likitar mace ce, ta ajiye waya a kan tebur ta buɗe murya, sai muka ji an yi sallama an ce Hajiya sannu, yaya jiki. Wallahi yadda Inna ta ɗago kai ta dubi wayar nan, wata huɗu rabon da ta ji Hausa daga bakin wanda ba ɗan gidanmu ba. Likitar ta dube ni cikin ladabi ta ce in ba damuwa in jira a waje. Na fita ina jin haushi kaɗan, ni da na kawo ta, ni da na biya.

Sun fi minti arba'in. Ina zaune a waje ina jiyo muryar Inna ta cikin ƙofa, ba na jin abin da take cewa amma ina jin yadda take zuba, matar da a gabana ba ta haɗa jimla uku. Can likitar ta leƙo ta ce in shigo, ta tambaye ni ko na san jakar da Inna ke ajiye magani. Na ce kwalba ɗaya ce ai, ga ta. Inna ta buɗe jakar hannunta ta ciro wani ƙulli a baƙar leda, ta kwance, sai ga kwalayen Glucophage 850 da ƙanwata ta saya mata a Damagaram kafin ta taso, na wata shida, da layukan biro biyu a jikin kowane kwali. Ni ban san da su ba, na ɗauka abin da ta zo da shi ya kusa ƙarewa shi ya sa a ƙarshen Janairu na kai ta aka rubuta mata wani, na karɓo kwalba an rubuta metformin, na miƙa mata na ce ga maganin sukari, ɗaya da safe ɗaya da yamma, na wuce aiki. Ita kuma ta ga suna daban, kwalba daban, ƙwayar ma ba kama ɗaya ba, ta ɗauka ƙari ne likitan Turawa ya yi mata a kan na gida. Magani ɗaya ne, sunan kamfani da sunan asali. Mako biyu da wani abu tana shan ninki biyu, abin da likitar ta ce ya wuce iyakar da ake ba mutum a rana, kuma tashin zuciya da murɗar ciki da zawo su ne abin da ya fi kawowa. Zawon nan tun kafin daren farko take yinsa, sau biyar sau shida a rana, tana lallaɓawa ban ɗaki in mun yi barci. Shi ne abin da likitan farko ya tambaya, ni kuma na mai da tambayar ta koma cikinki lafiya.

Aka sake ɗibar jini don a duba ƙoda, Allah ya taimaka ba abin da ya taɓu, aka ce ta dakata kwana biyu tana shan ruwa sannan ta koma kan guda ɗaya. Likitar ta sa tafintar ta maimaita mata sau biyu, sannan ta ce Inna ta faɗa da bakinta yadda za ta riƙa sha, don a tabbatar ta gane ba gyaɗa kai kawai ta yi ba. Ni ko sau ɗaya ban taɓa yi mata haka ba. Cikin mako guda ta koma cin tuwonta, har tana faɗan garin masarar nan ba ya da danƙo.

Yanzu akwai wata 'yar takarda da na rubuta na sa a leda na saka mata a jaka, da Ingilishi da Faransanci, sunanta, harshenta Hausa, a nemo tafinta mace, sai sunayen magungunanta na asali ba na kamfani ba. Maiɗakina ma ta ce in yi mata irinta, ita tata ta ce a rubuta Faransanci, kuma ta ce daga yau ko za a kwana a layi ba za ta ƙara yarda da Faransancin makarantar kowa ba. Ɗan uwana mai shirin kawo Baba, kai ma ka yi masa, kuma ka zazzage jakarsa da hannunka ranar da ya sauka, tsofaffin nan ba sa tafiya ba ƙulli.

A mota muna komawa gida ranar na kasa haƙuri na ce Inna yaya kika ga mai fassarar. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, tana kallon dusar ƙanƙara ta taga. Ashe matar 'yar zangon Kumasi ce a Gana, can wani gari take zaune a Amurka tana ɗaukar kira, kuma kun san Hausar zango ba ta cika raba mace da namiji ba. Sai Inna ta ce, ba ni take kallo ba, gilashi take kallo, yarinyar nan tun da muka fara har muka gama ka ci ka sha take ce min, ta mai da ni namiji ƙarfi da yaji, amma dai ta iya tambaya. Ta ƙara yin shiru, sannan ta ce wa maiɗakina, ki ce wa wannan yaron ya rage gudu.